Wuce Gabana, Ba Sauri Nake Ba

Kakana ya fara tuƙi tun kafin a haifi uwata, kuma bai taɓa buge ko kaza ba. Da wannan maganar yake buɗe hira in ya samu baƙo, da ita kuma yake rufewa. A unguwa Baba Direba ake ce masa. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma Jikalle yake kirana, ko da yake na daɗe da wuce shekarun goyo, har na kama aiki.

A shekarar da nake ba da labarinta lasinsa ya kusa ƙarewa. Mutum mai shekarunsa ba a sabunta masa sai an gwada idonsa, idon Tsoho kuwa ya riga ya fara yi masa rowa. Shi ya sani, Inna matarsa ta sani, ni da muke kwana gida ɗaya ban sani ba. In ya faɗi gwajin, shi da sitiyari har abada. Kuma in aka raba Tsoho da sitiyari, ban san abin da zai rage a cikin rigarsa ba.

Da babbar mota ya fara, irin mai dogon jikin nan da ke kwana a hanya. Yakan ce a zamanin da hanci yake sanin inda yake: ga inda ake ƙona ciyawa, ga inda kogi ya kusa, ga hayaƙin girki, wato gari na gaba. Da aka haifi uwata Inna ta ce ita ba za ta yi renon 'ya da hoton uba a bango ba, sai ya sauko daga babbar mota ya kama tuƙa ma'aikatan wani asibiti, safe da yamma, hanya ɗaya, har ya yi ritaya. Ma'aikatan sun sha yi masa tsiya wai akuya ma tana wuce motarsa. Shi dai amsarsa ɗaya ce, sauri ya haifi nawa. Da ya ajiye aiki ya sayi wata 'yar mota ruwan toka wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Kullum da safe sai ya wanke ta, ko jiya ba ta fita ba. Da ita yake kai Inna kasuwa da gaishe-gaishe, da ita yake kwasar matan unguwa zuwa awo in mazansu na wurin aiki, kuma ba ya karɓar komai sai addu'a.

Inna ba ta taɓa zama a baya ba. Kujerar gaba tata ce, har ta lotsa daidai jikinta. Da zarar an tada mota bakinta ya buɗe, ba ya rufuwa sai an kashe.

"Dubi mai keken nan a gefenka, sai karkata yake kamar wanda bai karya ba."

"Oh, har yau ba su cike ramin nan na gaban shagon fenti ba."

"Jar fitila ta kama, ga mutane sai tsallakawa suke da yara."

Ni surutun yana hawa mini kai. Nakan ce, "Inna, don Allah ki bar mutum ya yi tuƙinsa." Sai Tsoho ya ce, "Ƙyale ta, Jikalle, rediyon motar ya lalace." Mu yi dariya, ita kuma ta ci gaba da gulmar hanya.

Da lokacin sabunta lasin ya matso, Tsoho ya fara zuwa ofishin. Ya shirya da safe, ya sa hularsa mai kyau, ya tafi, Inna ta raka shi ta wuce gidan ƙanwarta da ke bayan ofishin. Da yamma su dawo tare. In na tambaya sai ya girgiza kai ya ce, "Yau ma ba a kai kaina ba. Layin nan ba na wasa ba ne." Amma ba ya dawowa da fuskar wanda ya sha wahala. Da labarai yake dawowa. Yau wata ce ta gaji motar yayanta tana neman a mayar da takardun da sunanta, sai kuka take. Gobe wani ne ruwa ya tafi da lambar motarsa. Jibi wani saurayi ne ya faɗi jarrabawar tuƙi saboda ya gaishe da surukinsa ta taga. Sati ya bi sati, labarai na ƙaruwa, lasin kuwa shiru.

Ni ko jira shi ne abin da na tsana a duniya. A asibitin haƙori nake aiki, ni ke tsara wa mutane ranar da za su ga likita da lokacin da za su zo. In mutum ya zauna a ɗakin jiranmu har ya gama karanta abin da ke manne a bango, ji nake kamar ni na yi masa laifi. Saboda haka duk ranar da Tsoho ya ce ba a kai kansa ba sai raina ya ɓaci, in yi ta faɗa da ofishin da ban taɓa shiga ba tun da na karɓi nawa lasin.

Wata rana likitanmu ya yi tafiya aka tashi da wuri, na ce bari in je in gani da idona.

Dogon ɗaki ne mai kujerun ƙarfe da aka haɗe su jeri-jeri. A bakin ƙofa akwai na'urar da ake dannawa ta fito da 'yar takarda mai lamba. A can gaba akwai allo mai jajayen lambobi, in lamba ta canza sai ya yi wata 'yar ƙara mai taushi, kowa ya ɗaga kai, ya duba hannunsa, ya sake sunkuyawa. A ƙarƙashin allon tagogin ma'aikata ne, gilashi da 'yar kafar miƙa takarda. Tagogin iska kuwa suna can sama kusa da rufi, hasken rana yana gangarowa ta cikinsu a karkace, yana kwanciya a kan kafaɗun mutane. Fankoki na juyawa ba sauri. Ga warin sabulun goge ƙasa, ga na takardun da suka sha gumin hannu. A gefe guda akwai wata ƙaramar ƙofa, a nan ake gwajin ido.

Na hango Tsoho a ƙarƙashin fanka, ya miƙe ƙafafu, hannayensa a kan cinya, idonsa a lumshe. Ban ƙarasa ba, na tsaya jikin ginshiƙi ina kallonsa. Allo ya yi ƙara. Ya karkata ya tambayi na kusa da shi lamba nawa aka kira, aka faɗa masa. Sai ya waiga, ya yafito wata mata mai goyo da ke ta jijjiga ɗanta a tsaye.

"'Yata, karɓi tawa, ta kusa. Ba ni taki."

"A'a Baba, kai ma ai tun safe kake."

"Wuce gabana, ba sauri nake ba."

Ta karɓa tana ta godiya. Ya riƙe tata mai nisa, ya gyara zama, ya sake lumshe ido.

Maigadin ofishin, wani dogo mai sanda a hammata, ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Kakanki ne? To ki riƙe shi da kyau, irinsu sun ƙare. Duk wanda ya zo da uzuri shi yake ba lambarsa. Mu nan har mun saba da shi, ranar da bai zo ba sai wurin ya yi wani iri."

Na je na zauna kusa da shi na ce, "Tsoho, ashe sadakar lamba kake zuwa yi."

Bai firgita ba. Ya ce, "Jikalle, muryarki tana riga ki isowa. Zauna. Rufe idonki ki ji wani abu."

"Ni ban zo barci ba."

"Rufe dai."

Na rufe don a zauna lafiya. Ya ce, "Kin ji fankar nan? Haka injin babbar mota yake yi in ya samu miƙaƙƙiyar hanya, ba hawa ba gangara. In na zauna a nan sai in ji ni a kanta da sassafe, gari bai gama wayewa ba, ba kowa sai ni. Hasken can na sama yakan bazu ya cika ko'ina, kamar an zuba ruwa a gilashin gaba. Mutane su yi ta wucewa ta gefe, dogaye da gajeru, ba fuska, kamar itatuwan bakin hanya. In allon ya yi ƙara sai in ce mun shigo wani gari. Wani ya sauka, wani ya hau, mu ci gaba."

"Ina za ku?"

"Ba a tambayar direba haka. Muna dai tafiya."

Na zauna a haka ɗan lokaci, kuma gaskiya na ji abin da yake faɗa. Kujerar ƙarfen har wani ɗan rawa take in mutum ya wuce. Na ɗauka zancen tsofaffi ne mai daɗin ji. Ban gane ba cewa abin da idonsa ke nuna masa ne yake gaya mini tiryan-tiryan. Da na buɗe ido sai haushina ya dawo. Na ce masa haƙuri ma yana da iyaka, ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, na ce to shi nasa dutsen ya ƙone.

Bayan kwana biyu ina ninke kaya a ɗakin Inna, ta ce da ni kamar ba komai, "An ce wai yanzu ana kama lokaci ta waya a ofishin nan, mutum ya je ba sai ya bi layi ba. Haka ne?"

Na ji kunya da ban riga ta tunawa ba, ni da wannan ne aikina. Nan take na ajiye zanen da ke hannuna na ɗauki waya. Abin ba wuya. Ka shiga shafinsu, ka zaɓi abin da ya kawo ka, su nuna maka ranakun da ke da gurbi. Na kauce wa farkon mako da ƙarshensa, don nan ne kowa ke tunawa da uzurinsa, na kauce wa lokacin da ma'aikata ke fita cin abinci. Na zaɓi Laraba da hantsi. Saƙo ya shigo: a zo da tsohon lasin da katin shaida, a iso kafin lokaci kaɗan, a nufi tagar masu alkawari kai tsaye. Na karanta wa Inna. Ta ce, "To, madalla," ta juya tana gyara matashi.

Na tarar da Tsoho a tsakar gida yana goge fitilar mota da tsumma. Na gaya masa cikin murna, ina jiran a sa mini albarka. Hannunsa ya tsaya a kan fitilar.

"Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Na gaji da ganinka kana asarar yini."

"Yinin naki ne?"

"Tsoho, shiga za ka yi ka fito, ko kujera ba za ka ɗumama ba."

"Jikalle, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"To me ka hango?"

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. Can ya ce, "Masu uzurin da nake ba lamba fa?" Na ce su ma suna da waya. Ya ce to, ya matse tsummansa, ya shige ɗaki.

Ranar Talata da la'asar Inna ta kira ni in zura mata zare a allura. Muna zaune a bakin ƙofar kicin, Tsoho ya fita masallaci. Na zura na miƙa mata, ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Kina tsammani surutu nake so?"

"Wane surutu?"

"Na cikin mota."

Sai ta ba ni labari. Shekarun baya, wata yamma suna dawowa daga dubiya, ta ga ya nufi wani amalanke da aka ajiye a bakin titi, bai rage gudu ba, bai kauce ba. Bakinta ya suɓuce ta ce, dubi inda wani ya bar amalankensa. Ya murza sitiyari suka wuce. Washegari da suka fita ta sake gwadawa, ta yi gulmar wani mai babur, ta ga ya ba shi hanya. Tun daga ranar take gaya masa hanya, amma ba ta taɓa cewa yi hagu ko taka birki ba. Sai dai ta yi tsegumin abin da ke gabansu, shi kuma ya ɗauki abin da zai ɗauka.

"Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ce masa ba ya gani ba. A haka muke."

Na ce, "Shi ya sa yake ba da lambarsa."

"In ba a kai kansa ba, ai ba a gwada shi ba."

Na ɗauko waya. Na ce, "Bari in soke, Inna. Dannawa ɗaya ce."

Ta dafa hannuna. "Da ina so a soke da ban tuna miki ba. Kin ga allurar nan? Bara ni nake zura abata. Satin da ya wuce wata 'yar makaranta ta tsallaka gabanmu, ban gan ta ba sai da ta kai tsakiya. Allah ya kiyaye, ita ta gan mu ta yi tsalle. Shi bai ma san an yi ba. Ni kuwa har yau in na kwanta sai in ga jakarta tana lilo a bayanta."

"To me ya hana ki gaya masa?"

"Da wane bakin? Mutumin da ya sauko daga babbar mota saboda magana ɗaya da na yi, in sake cewa ya sauko daga wannan? Gara baƙo ya gaya masa, wanda ba za su haɗa ido a gida ba."

Na ji haushinsu su biyun, na ji tsoro, na kuma ji tausayin da ya fi su duka. Na mayar da wayar aljihu. Inna ta karɓi allurarta ta fara ɗinke bakin matashi, ɗinkin yana tafiya a karkace.

Ranar Laraba Tsoho ya wanke mota, ya yi wanka, ya sa farar rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, har da turare. Na ce ya kawo in tuƙa mu. Ya ce, "Lasina bai mutu ba tukuna." Na dubi Inna, ta kawar da kai ta buɗe ƙofarta. Na shiga baya a tsorace.

Ofishin ba nisa, kuma hanyar ba cunkoso a wannan lokacin. Muka fita a hankali. Inna ta fara.

"Mai shagon nan ya sake fito da kayansa har kan titi, ba ya jin magana."

Motar ta ɗan matsa tsakiya.

"Wannan mai farar motar ko ina za shi, sai ƙyafta fitila yake zai shigo."

Tsoho ya ɗaga ƙafa, farar motar ta shige.

"Yau shataletalen ba kowa, sai wani mai kaya can nesa."

Na sha jin wannan muryar tun ina ƙarama, amma ranar ce na fara saurarenta. Ba ta ɗaga ta, ba ta sauri, kuma ba ta taɓa makara ba. Rana tana shigowa ta gilashi tana sauka a kan hannayensa, jijiyoyinsu sun fito, suna juya sitiyari kaɗan-kaɗan tun kafin ta rufe baki. Shaguna suna wucewa, itatuwa suna wucewa, inuwarsu na hawa kanmu tana sauka. Tsorona ya kwanta ban san lokacin ba. Na ji kamar ba a kan titi muke ba, kamar wani ruwa ne mai sanyi yake ɗauke da mu, har na so a ce ofishin ya ƙara nisa. Sai ga shi mun iso, Tsoho ya faka daidai tsakanin layuka biyu, Inna tana cewa wanda ya zana su bai da hannu.

Ɗakin cike yake kamar kullum. Maigadi ya washe baki, ya miƙa hannu zai danna wa Tsoho na'urar lamba. Na ce, "Yau muna da alkawari." Ya ce, "Ah, Baba an waye," ya nuna mana taga ta ƙarshe, wadda ba kowa a gabanta.

Tsoho ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Na ga ya juya wajen kujerarsa ta ƙarƙashin fanka, wani ya riga ya zauna a kai. Na riƙo hannun rigarsa muka ƙarasa. Ma'aikacin ya karɓi tsohon lasin da katin shaida, ya duba kwamfuta, ya ce, "Kun zo daidai. Baba, shiga ƙofar can a duba idonka."

Ko zama ba mu yi ba. Tsoho ya waiga hagu, ya waiga dama. Akwai wani mutum a bayanmu da ya zo tambaya, yana ta duba agogo yana tsaki. Tsoho ya ce masa, "Ɗana, kamar kana sauri. Wuce gabana."

Ma'aikacin ya ce ta cikin kafar gilashi, "Baba, wannan ba lamba ba ce. Lokacin da sunanka aka kama shi, ba ya bayuwa."

Tsoho ya gyara hularsa, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Inna ta bi bayansa. Matar da ke gwajin, wata mai tabarau da sanyin murya, ta ce mutum ɗaya ake shiga, amma ta bar ƙofar a buɗe. Muka zauna a benci muna kallonsu. Ta zaunar da shi gaban wata na'ura, ta ce ya jingina goshinsa ya leƙa.

"Karanta mini layin sama."

Ya karanta, da ƙarfi, kamar ɗan makarantar da ya yi tilawa.

"Na ƙasansa."

Ya faɗi harafi ɗaya. Ya tsaya. Ya faɗi wani, ya janye shi. Sai na ga kansa ya ɗan karkata gefe, ɓangaren da Inna ke zama a mota, yana jira. A kusa da ni leɓɓan Inna suna motsi, amma ba ta ganin abin da ke cikin na'urar, ba ta da gulmar da za ta yi masa. Ta damƙe gefen mayafinta. Matar ta canza masa wani layin, ta ce ya ɗauki lokacinsa, ba wanda ke korarsa. Allo ya yi ƙara daga waje.

Tsoho ya ɗago goshinsa daga na'urar. Ya ce, "'Yata, kar in ɓata miki lokaci. Akwai mutane a waje."

Ta cire tabaranta. Ta ce ba za ta iya sa masa hannu yau ba, ya je ya ga likitan ido, wani abin ana gyarawa, in an gyara ya dawo ƙofa a buɗe take. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya tashi ya mayar da kujerar inda ya same ta.

Da muka fito babban ɗakin bai nufi ƙofa ba. Wanda ke kujerarsa ya tashi an kira shi, sai Tsoho ya je ya zauna a ƙarƙashin fankar, Inna a gefensa, ni a ɗaya gefen. Ba wanda ya dubi wani. Ni kuka nake ji, amma na san in na yi ba zai yafe mini ba, sai na haɗiye.

Maigadi ya zo wucewa da sandarsa. "Baba, yau dai an kai kanka."

"An kai."

"To barka."

"Barka kadai."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullansa. Duk a zobe ɗaya suke, na ƙofar gida, na ɗakinsa, na wani akwati da ya daɗe da ɓata, da na mota. Ya fara laluben bakin zoben da farcen babban yatsa. Zoben ya tsufa ya manne, farcen ya yi ta zamewa. Na miƙa hannu zan karɓa, Inna ta harare ni ta bayan kafaɗarsa, na janye. Ya kawo zoben kusa da fuska, bai amfana masa komai ba, ya mayar kan cinya ya ci gaba da yatsu kawai, idonsa a kan hasken da ke gangarowa daga tagogin sama. Allo ya yi ƙara, wasu suka tashi, wasu suka zauna. Ya sake yin ƙara. Muna zaune muna jiransa, kuma ban ji ina son ya yi sauri ba.

Da bakin zoben ya buɗe, ya zagaya da makullin motar a hankali har ya fita. Ya mayar da sauran aljihu. Ya lalubo hannuna ya buɗe tafin, ya ajiye shi a ciki, da ɗuminsa, ya naɗe yatsuna a kai.

Ya ce, "Ba ta son a matsa mata a giya ta biyu. In ta yi gardama kar ki yi mata faɗa, Jikalle, na san halinki. Ki lallaɓa ta."